Wuƙar yankan sitika tana cin takardar baya: faranti ne ya lalace ko injin ne ya gaji?

Wani matashi mai ɗan gidan buga takardu a Gombe ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Maigida, barkanku da aiki. Ina da injin yankan sitika mai silinda, ina yi wa masu yogot da masu ruwan roba lebul. Da safe yanka yana fita tsaf. Da rana ta take sai wasu lebul su riƙa tashi tare da shara, wato ragowar takardar da ke kewaye da lebul, in ƙara ɗaure notin da ke matse silinda, abin ya gyaru na ɗan lokaci. Washegari kuma sai in tarar wuƙa tana cin takardar baya. Har wani kwastoma ya dawo mini da kaya, wai takardar tana tsinkewa a injin manna lebul ɗinsa. Abin ya tsananta tun da na canja wanda nake sayen takarda a wurinsa. Faranti zan sake, ko injin ne ya gaji?"

Ƙanena, kada ka sayi sabon faranti, wato siririn ƙarfen da ke ɗauke da wuƙaƙen, tukuna, kada kuma ka yanke wa injin hukunci. Daga abin da ka bayyana, ina ganin abubuwa biyu ne suka haɗu maka: takardar baya ta canja kauri ba ka sani ba, kuma kana neman zurfin yanka a wurin noti alhali ba noti ke ba da zurfi ba. Zurfin yanka a wannan injin lissafi ne na ƙarfe da ƙarfe, an riga an ƙayyade shi tun ranar da aka wasa silinda aka kuma ƙera faranti. Sai ka san wannan lissafin kafin ka sake ɗaukar sifana.

Fara da abin da kake yankawa. Sitika hawa huɗu ce, ko da ido biyu yake gani. Akwai fuska, wadda kake bugawa a kai. Ƙarƙashinta gam. Ƙarƙashin gam akwai wani ɗan shafe na silikon wanda ke hana gam kama takardar baya, sannan ita takardar bayan. Ana auna waɗannan da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kaiwa maikiron 50 zuwa 100. Fuskar takarda mai ɗan sheƙi da aka fi yin lebul da ita tana kusan maikiron 70, gam kusan 20, takardar baya irin ta gilasin, mai santsi mai launin ruwan ƙwai ko fari, tana tsakanin 50 da 60. Shi kuwa silikon, wanda duk rigimar a kansa ake yi, kusan maikiron 1 ne kacal. Aikin wuƙarka shi ne ta raba fuska, ta raba gam, ta tsaya a kan silikon ba tare da ta fasa shi ba. Aikin wanzami ke nan: ya kwashe gashi tas, fatar kai ko ƙwarzane babu.

Yanzu dubi injin. Silindar sama mai maganaɗisu ce, ita ke riƙe da siririn farantin ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙen. Silindar ƙasa mai santsi ita ce maƙera, a kanta ake yanka. A ƙarshen silindar sama, hagu da dama, akwai zobba biyu na ƙarfe mai tauri waɗanda suka ɗan fi jikin silindar kauri. Waɗannan zobban su ne ke birgima a kan maƙera, jikin silindar bai taɓa ta. Sararin da ya rage tsakanin jikin silindar maganaɗisu da maƙera shi ake kira rata. A Turai ma'aunin da aka fi bi milimita 0.480 ne. A Amurka inci 0.019 suke bi, wanda ya kama kusan milimita 0.483. Akwai kuma silindun da ake yi wa rata mafi faɗi saboda kaya masu kauri. Na kawo wannan ne domin injunan da ke shigowa ƙasar nan daga ko'ina suke, wasu sababbi daga Sin, wasu na hannu daga Turai ko Amurka, kuma sau da yawa silindar da ke cikin inji ba ita ce ta zo da shi ba.

Faranti kuma yana da nasa tsayin, daga bayansa zuwa tsinin wuƙa. Ɗauki misali faranti mai tsayin milimita 0.440 a kan silinda mai ratar 0.480. Cire wannan daga wancan, saura 0.040. Ma'ana, duk lokacin da wuƙa ta zo daidai saman maƙera, tsakaninsu maikiron 40 ne, kuma a cikin wannan ɗan sararin takardar baya za ta wuce. Za ka ce, to ai gilasin mai maikiron 55 ya fi wurin kauri, yaya ba ya yankewa? Gilasin yana matsuwa. Wuƙa ta danna shi, ya lotsa, fuska da gam su tsage a kansa, wuƙa ta wuce ya dawo. Mai ƙera faranti yana sane da wannan lotsawar, da ita yake lissafin tsayin da zai ba ka. Kamfanonin da suka san aikinsu suna riƙe tsayin faranti cikin kuskuren da bai wuce maikiron 2 zuwa 3 ba, tun daga wannan kusurwa har waccan.

To ka ga inda sabuwar takardarka ta shigo. Faranti ba don fuska aka auna tsayinsa ba, don takardar baya aka auna. In an yi maka shi don gilasin mai 55, sabon dillali ya kawo maka mai 48, lotsawar da wuƙa ke dogaro da ita ta ragu da kusan rabi, yanka zai zama na ƙyar, ɗan abu kaɗan ya ishe shi ya gaza. In kuma takardar baya ta leda ce, irin poliyesta mai maikiron 30 ko 23 da ake sa wa lebul masu garai-garai, wuƙar da ke tsayawa a 40 ba za ta ma kai gare ta ba, ga shi ledar ba ta matsuwa kamar takarda. In ya kawo mai kauri irin ta kiraf, wato takarda mai ƙwari, wuƙa za ta nutse a ciki tun daga lebul na farko. Dillalai da yawa a Kano da Legas fuska suke tallatawa: fari ne, mai sheƙi ne, giram 80 ne. Ba kasafai wani zai gaya maka kaurin baya ba sai ka tambaya, wani ma ko ka tambaya bai sani ba. Saboda haka abin da na fi so ka saya kafin faranti shi ne maikiromita, wato na'urar auna kauri, mai karanta milimita 0.001. Ka ɓare lebul, ka auna takardar baya ita kaɗai a wurare da dama, bakin hagu, tsakiya, bakin dama, farkon naɗi da can ciki. In kana da ragowar tsohuwar takarda ka auna ta ka kwatanta. Rabin amsar tambayarka yana cikin waɗannan lambobi biyu.

Sai maganar noti, kuma a nan zan ɗan daɗe domin a nan ake kashe injuna. Amfanin matsi ɗaya ne: ya riƙe zobba a kan maƙera kada su ɗaga yayin da wuƙa ta ci karo da takarda. Da zarar zobba sun zauna daram, rata ta zama abin da aka wasa ta, 0.480 ɗin nan. Ƙarin ɗauri bayan wannan ba ya sauko da wuƙa yadda kake zato. Gaskiya ne ƙarfe yana ɗan lotsawa in an tsananta masa, shi ya sa kake samun maikiron biyu ko uku na aro, yanka ya gyaru na awa ɗaya, ka ɗauka ka yi magani. Amma abin da ka saya da wannan aron shi ne guga mai tsanani tsakanin zobba da maƙera, da nauyi a kan boris, da zafi. Zobban suna cinyewa a hankali. Zobe in ya cinye, rata ta ragu har abada, kuma ba daidai take raguwa a hagu da dama ba. Maƙera ma tana yin kwari a daidai inda zobba ke bi. Daga nan duk sabon farantin da ka ɗora, komai kyansa, cin takardar baya zai yi, kai kuma ka ce masu faranti sun ɓata aiki.

Shi kuwa zafi, shi ne bayanin bambancin safiyarka da ranarka. Ƙarfe yana buɗewa da kusan maikiron 12 a kowace mita ɗaya in zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. A ce silindarka mai haƙora 96 ce a giyar da kowane haƙori ke da milimita 3.175. Kewayenta milimita 304.8 ke nan, inci 12 cif, kuma daga cibiyarta zuwa bakin zobe kusan milimita 48 da rabi. In zobba suka fi jikin silinda zafi da digiri 10 saboda guga, za su kumbura da kusan maikiron 6. Zobe ya kumbura, ya ɗaga silinda, wuƙa ta yi nesa da takarda da maikiron 6 ɗin nan. A aikin da duk iyakarsa maikiron kaɗan ne, wannan ya isa ya sa gam ya ƙi rabuwa. Ka ɗaure noti, guga ta ƙaru, zafi ya ƙaru, ka sake ɗaurewa. Da daddare ƙarfe ya huce ya koma girmansa, amma notin yana nan yadda ka bar shi da la'asar. Da safe ka tayar da inji a kan ƙarfe mai sanyi da matsin da ya wuce kima, wuƙa ta hau cin baya. Kai da kanka ka ba da labarin wannan zagayen a tambayarka. Kuma kar ka manta a Gombe kake, inda zafin Maris da Afrilu ke kaiwa digiri 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi waje.

Maganin wannan ba tsada. Zobba suna son mai. Yawancin injuna suna zuwa da ɗan soso ko ƙyallen ulu da ke shafar zoben, sai ka tarar ya bushe ya ƙandare ko an cire an yar. Mayar da shi, ka riƙa ɗiga masa mai mara kauri, kaɗan, yadda ba zai fantsama kan takarda ba. Ka saba da taɓa kusa da zobba da bayan hannu bayan ka tsayar da inji. Ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya barin hannunka a wurin, matsi ya yi yawa ko mai ya ƙare. Kuma duk ranar da aka tashi aiki a sassauta noti gaba ɗaya, gobe a sake ɗaurawa daga farko.

Akwai wani abu da ke kama da rashin yanka alhali ba shi ba ne, kuma a bazara yana ruɗar mutane ƙwarai. Gam iri biyu aka fi samu: na akirilik da wanda ake narkawa da zafi a shafa. Na biyun yana kama roba mai sanyi da danshi da kyau, shi ya sa masu yogot ke son sa, amma yana laushi da zafi. Wuƙa za ta raba shi sarai, kafin a kai wurin ɗaga shara ya malalo ya sake haɗewa, lebul ya bi shara sama. Ka ɗauki lebul ɗin da ya tashi ka duba bakinsa da gilashin ƙara girma. In ka ga zaren takarda a yage, bakin ya yi gashi-gashi, wuƙa ce ba ta kai ba. In bakin takarda ya fita sumul amma gam yana jan zare kamar yauƙi, wuƙa ta yi aikinta, gam ne ya koma. Wannan ba matsi yake so ba. Ka matso da wurin ɗaga shara kusa da wurin yanka, ka ajiye naɗin takarda a ɗaki mafi sanyi, ba jikin bangon da rana ke duka ba, in da hali irin wannan aikin a yi shi da sassafe ko da dare.

Ga gwajin da nake so ya zame maka ɗabi'a, domin shi zai hana kaya dawowa. Yanki takarda mai tsawon zagaye biyu na silinda daga abin da ka yanka. Ɓare lebul duka, ka bar takardar baya tsirara. Sami maka, wato alƙalamin rubutu a kan allo ko kwali, mai faɗin baki ko auduga da ka tsoma a tawada mai ruwa-ruwa, ka shafe fuskar silikon ɗin gaba ɗaya, ka goge nan take da ƙyalle. Silikon lafiyayye ba ya shan tawada, za ta taru ɗigo-ɗigo ta goge. Inda wuƙa ta fasa shi kuwa tawada za ta shige cikin zaren takarda ta bar layi mai duhu, in fasawar ta yi zurfi har ta bayan takardar za ka gan shi. Ɗan sawu mara launi da ake gani in an karkata takarda ga haske ba matsala ba ne, alamar wuƙa ta sauka ce. Layi mai duhu shi ne matsala. Ƙungiyar masu sana'ar lebul ta Turai, FINAT, tana da irin wannan gwajin cikin ƙa'idojinta, da rini na musamman, amma maka ta ishe ka ganin abin da kake nema.

Dalilin da ya sa kwastomanka ya dawo da kaya yana cikin wannan layin. Injin manna lebul yana jan takardar baya da ƙarfi ya lanƙwasa ta a kan wani bakin ƙarfe mai kaifi, lebul ya miƙe ya hau kwalba. Takardar da aka riga aka tsaga rabin kaurinta a nan take tsinkewa. Ko ba ta tsinke ba, gam yana bin tsagar ya kama zaren takarda, sai lebul ya ƙi ɓarewa ya bi takarda ya zagaya, kwalba ta wuce babu lebul. Mai manna da hannu ba zai taɓa lura ba. Wannan ya sa tun wajen karɓar aiki ya kamata ka tambayi mutum da hannu zai manna ko da inji.

Takardar nan da ka shafa wa tawada kada ka yar, karanta ta za ka yi. In duhun yana gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma yanka bai kai ba, matsin hagu da dama bai daidaita ba, ko zobe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. In gefuna biyu sun yanku, tsakiya ta ƙi, silinda ce ke lanƙwasa. Wannan yana faruwa da siraran silindu a inji mai faɗi, shi ya sa ake cewa kewayen silinda kada ya gaza faɗin aikin. Lebul mai tsawon inci 4 gara ka jera uku a silinda mai haƙora 96 da ka jera biyu a mai 64, in injin mai faɗi ne. In layukan da ke bin tsawon takarda sun yanku amma na kwance, masu ratsa faɗi, sun ƙi, a nan kam matsi ne bai isa ba. Layin tsaye kaɗan-kaɗan yake shiga takarda, na kwance kuwa gaba ɗayansa yake sauka lokaci guda, in lebul huɗu ne a jere duk huɗun tare, sai ya nemi ɗaga silinda. Za ka ji shi ma a kunne, injin yana wani bugu a kowane zagaye. A nan ƙara ɗauri daidai ne, kaɗan-kaɗan, hagu da dama tare, har layin kwance ya fita, sannan ka cire hannu.

In kuwa wuri ɗaya ne tak yake duhu, to ga yadda za ka gane mai laifi ba tare da kayan awo ba. Yi wa wurin alama, ka ɗaga faranti ka juya shi, gefen hagu ya koma dama, ka sake yankawa. In duhun ya bi faranti ya koma ɗaya gefen, faranti ne. In ya tsaya inda yake, silinda ce ko maƙera. Tsakanin waɗannan biyun kuma, duba ko aibin yana faɗa wa lebul guda a kowane zagaye. In haka ne, silindar maganaɗisu ce, domin ita ke juyawa tare da faranti. In yana yawo, yanzu a wannan lebul, anjima a na gaba, maƙera ce, domin kewayenta daban yake da na farantin. Wannan gwajin minti goma ne, kuma ya fi duk wata gardama da mai sayar da faranti.

Sau da yawa abin da za ka tarar a ƙarƙashin irin wannan wurin datti ne kawai. Maganaɗisu yana jawo duk wani ɓurɓushin ƙarfe da ke yawo a shago, hunturu kuma yana kawo ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu wadda ke shiga ko'ina. Ƙwayar yashi mai maikiron 20 a bayan faranti ta ɗaga wuƙa da rabin sararin da muka lissafa. Kafin ɗora faranti a goge jikin silinda da bayan farantin da sifirit da ƙyalle mara gashi, a bi da tafin hannu a ji ko akwai abin da ya rage. Ɓurɓushin ƙarfe ba ya goguwa, tafiya yake daga wuri zuwa wuri, sai dai ka manna masa sitika ka ɗaga. Kada a yi wa silinda wanka da fetur ko tina, suna iya cin abin da ya riƙe maganaɗisun. Kada kuma a ɗaga faranti da sukudireba ko reza, in kusurwa ta lanƙwashe ba ta sake kwanciya. Da damina a shafa masa ɗan mai a mayar cikin ledarsa, tsatsar Agusta ba ta barin kaifi.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka bari yaranka su liƙa salatif a bayan faranti ko a kan maƙera don wuri ya ƙi yanka. Na san ana yi, har wasu na ɗauka gwaninta ce. Salatif yana da kaurin maikiron 40 zuwa 50, wato duk sararin da ke tsakanin wuƙa da maƙera. Ka liƙa shi, wuƙa ta sauka kan ƙarfe, kaifinta ya tafi a zagaye kaɗan, maƙera ta sami zane. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ratar silinda ita ma ana auna ta. Hanya mafi sauƙi, a auna kaurin zobe daga gefe zuwa gefe da babbar maikiromita, a auna na jikin silinda, a cire, a raba biyu. Silinda mai ratar 0.480 bambancin zai zama 0.960. A auna zoben hagu daban, na dama daban, a wurare uku ko huɗu a kewaye. Masu wankin kuranshaf suna da manyan maikiromita, sai dai yawancin nasu 0.01 suke karantawa, za su nuna maka babbar ɓarna amma ba ƙarama ba. Sashen injiniyan ƙere-ƙere na manyan makarantu, irin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, su ne inda zan fara neman kayan awo masu kyau da wanda ya iya riƙe su. Awo kawai za a yi. Kada ka ba mai wankin kuranshaf silindarka ya wasa, ba aikinsa ba ne. In awon ya nuna rata ta sauka zuwa 0.470 amma daidai take a ɓangarorin biyu, ba ta mutu ba, sai a yi maka faranti gwargwadon wannan ratar. In hagu da dama sun bambanta da yawa, ko silindar tana rawa in an juya ta a ƙarƙashin agogon awo, wato na'ura mai allura da ke nuna karkata, a nan ne maganar sabuwar silinda ta taso.

Ranar da za ka ba da odar faranti kuwa, zanen lebul kaɗai bai isa ba. Aika da yankin takardar da za ka yanka, ita kanta, ba mai kama da ita ba. Faɗi ratar da ka auna, yawan haƙoran silinda da irin giyar, ko injinka mai juyawa ɗungurungum ne ko mai tafiya yana komawa, domin lissafin tsawon faranti ya bambanta. Faɗi ko fuskar takarda ce ko leda. Takarda tana tsagewa tun wuƙa ba ta gama ratsa ta ba, leda kuwa miƙewa take, sai an yanke ta har ƙasa, saboda haka tana son wuƙa mai siririyar kusurwa. Farantin takarda a kan ledar lebul ɗin ruwan roba ba zai ba ka yanka mai kyau ba ko da tsayinsa daidai ne. In takardar rasit ce mai baƙi da zafi, ko aikin da aka shimfiɗa wa farar tawada har bakin yanka, ka faɗa, suna cin kaifi da sauri, gara a taurara wuƙar da leza ko a yi mata rufi. Kuma ka roƙi kwastoma ya yarda a ɗan zagaye kusurwoyin lebul, ko da milimita ɗaya ko biyu ne. Kusurwa mai tsini a nan shara ke tsinkewa.

Za ka ji labarin maƙera mai daidaituwa, wadda ake buɗe ratarta ko a rage da maikiron ɗaya-ɗaya, hagu da dama daban, inji na tafiya. Kocher+Beck na Jamus suna da GapMaster, Wink, su ma na Jamus, suna da SmartGap, RotoMetrics na Amurka suna da AccuStrike. Abu ne mai kyau ƙwarai ga wanda ke sauya takardar baya sau da yawa a rana ko yake yanka a kan leda mai maikiron 23. Amma a matsayinka na yanzu ban ba ka shawarar sa kuɗinka a nan ba. Tana da tsada, sai an dace da injin, kuma ba ta gyara silindar da ke rawa ko farantin da ya dakushe. Ya fi maka sauƙi ka tsaya a kan takardar baya iri ɗaya ko biyu, ka riƙe dillali ɗaya da zai riƙa kawo maka abu guda, kowace takarda da farantinta, a rubuta a jikin ledar farantin: tsayi kaza, don baya mai kauri kaza, silinda kaza.

Gobe da safe, kafin ka kunna inji, sassauta noti duka biyu, ka cire faranti ka goge, ka sa wa zobba mai. Auna tsohuwar takarda da sabuwa ka rubuta. Ɗora faranti, ka ɗaure a hankali har layin kwance ya fita, ka yi gwajin tawada. Bayan inji ya yi rabin awa yana tafiya ka sake gwajin, haka ma bayan azahar, ka rubuta lokaci a jikin kowace takarda ka jera su. In da matsi mai sauƙi tsohuwar takarda tana fita lafiya sabuwa tana ƙi, faranti da inji ba su da laifi, ko ka koma wa tsohuwar ko a yi wa sabuwar nata farantin. In duka biyun suna nuna layi mai duhu tun matsi bai yi nisa ba, zobba sun cinye, sai awo. Kayan da kwastoma ya dawo da su kuma ka yi musu gwajin tawada naɗi-naɗi, domin mai yiwuwa na safe ne kawai suka ɓaci. Waɗanda suka nuna duhu kada ka mayar masa, ka tambaye shi ko yana da layin da ake mannawa da hannu su tafi can, sauran ka sake masa. Daga yanzu kowane naɗi da zai fita shagonka a yanki ɗan guntu daga ƙarshensa a gwada, a ajiye guntun tare da takardar odar. Ka aiko mini da lambobin da ka samu da hoton takardun gwajin, in gaya maka tsayin farantin da za ka nema.